Ranar Da Aka Busa Wa Mai Begila

Tura shi aka yi, ko shi ya ɗaga hannu ya ce zai je? Na tambayi babban ɗanmu, ya ce bai sani ba. Na tambayi kofur ɗin da ya kira ya yi mini gaisuwa, ya ce, "Mama, ki yi masa addu'a kawai." Mutumin da saura wata huɗu ya ajiye kaki, mutumin da aikinsa busa begila ne, me ya hau da shi motar da za ta shiga dajin gabas? An ce wani sansani a can sun yi rashin mutane, kuma ba su da mai busa musu. A hanyar dawowa motar ta taka nakiya. Iyakar abin da na sani ke nan. Sauran yana wurin Allah, wanda daga gare shi muka fito, kuma gare shi mai gidana ya riga ni komawa.

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana dannawa a waya. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Wankan jego ne ya kawo ni Dubai. 'Yata ta haihu, mijinta ya aiko da biza, na zo na zauna da su a filat ɗinsu na Muraƙƙabat, hawa na biyar. Kwanan jaririya talatin da ɗaya labarin ya zo, da hantsi, ina goge mata cibiya. Kafin la'asar an binne shi a can inda ya faɗi, shi da abokan tafiyarsa. Ban ga makara ba, ban ga likkafani ba. Takaba ta same ni a ɗakin da tagarsa ba ta buɗuwa sai rabi.

Mutanenmu na nan sun zo, ba zan ƙi faɗar alherinsu ba. Takalma sun cika baranda har mai gadin bene ya hawo yana ƙorafi. Matan da suka zo sayen abaya da turare a kasuwar Deira sun ji an yi rasuwa, suka biyo da ledojinsu a hannu, ba su san ni ba, ban san su ba. Maƙwabciyarmu 'yar Filifin ta kawo burodi, ta rungume ni tana kuka da yarenta.

Amma na ga wani abu da idona. Mace za ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri, Inna?" Na ce da godiya. Sai ta ce, "Me yake yi ne, marigayin?" Na ce soja ne. Sai muryarta ta sauka. "Soja? Ayya. To, Allah dai ya yafe masa."

Wannan "dai" ɗin na ji shi ya fi sau goma a wuni ɗaya.

Wata mai haƙorin zinare ta bi 'yata kicin, ta rage murya, ta manta bangon gidajen nan kamar kwali yake. Ta ce, "Yana salla kuwa? Kin san 'yan bariki." Na ɗaga murya daga kan tabarma na ce, "'Yar nan, zo ki tambayi wadda ta sani. Shekara talatin da wani abu ni ke cika masa buta." Ta fito tana sosa kunne, ta ce ba haka take nufi ba. Na ce na san abin da take nufi, ta zauna ta ci dabino.

A falo kuma maza sun yi addu'a, suka shafa, hira ta koma kan yadda masu kaki ke tsayar da tirelar kaya ta kwana uku a hanya. Mai jan maganar kawun surukina ne, Alhaji, wanda ke da kamfanin kago mai aika kaya gida a unguwar Al Khabaisi. Shi ya riƙe surukina tun yana maraya, shi ya kawo shi ƙasar nan, kuma duk Bahaushen da ya shiga matsala a Deira ƙofarsa yake bugawa. Ban ƙaryata shi ba. Akwai irin waɗannan masu kakin, na zauna da matansu a layi ɗaya a bariki, na san su. Amma a zaman makokin mijina aka yi hirar, ina ji ta bango.

To bari in faɗi wanda aka rasa, tunda ba su sani ba.

A bariki Baba Sajan suke ce masa. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ba ya son hayaniya duk da cewa da ƙara yake cin abinci. Shi ke tashin bariki da safe, shi ke sauke tuta da yamma, kuma idan soja ya mutu shi ke yin busar ƙarshe, wadda kowa ke miƙewa tsaye a yi tsit har ta ƙare. Begilarsa ba ya yarda da man goge ƙarfe na kanti. Toka da lemun tsami yake sa mata, ya zauna a bakin ƙofa da tsumma yana murzawa har sai ya ga fuskarsa a jiki. Yara su taru, ya bar su su leƙa su ga hancinsu ya zama ƙato, amma ba mai taɓa bakin.

Saboda ita ya bar goro, ya bar rake, ya bar guguru da duk abin da zai taɓa masa haƙoran gaba. Idan gobe akwai jana'iza, yau ba yaji a miyarsa. Na taɓa mantawa na zuba, ya ci loma ɗaya ya ajiye, ya ce, "Uwar gida, so kike gobe in yi wa bawan Allah kukan agwagwa?" Ya sha kunu ya kwanta. Shekarar da haƙorinsa ɗaya ya fara motsi, na ga tsoro a fuskarsa irin wanda ban gani ba ko lokacin da aka kai su ƙasar waje yaƙi.

Duk ranar da ya busa wa mamaci, yana dawowa ba ya magana da kowa. Zai cire takalmi, ya yi alwala, ya yi nafila raka'a biyu, ya daɗe da hannu a sama. Sannan ya ce a kawo abinci. Kuma idan lokacin tashin matar mamaci daga gidan bariki ya yi, shi ke zuwa ya ɗaure mata katifa, ya nemo mota. Wasu sun kwana a ɗakinmu sati biyu, da 'ya'yansu, kafin danginsu su zo. Ɗaki biyu ne da mu. Ni na san inda muka riƙa kwana.

Mun yi faɗa a kan begilar nan sau ɗaya, faɗa na gaske. Ranar ɗaurin auren wannan da ke rubutu ce. Da sassafe aka aiko cewa za a binne wani ƙaramin soja, Kirista, mutumin kudu, kuma ɗaya mai busan yana kwance da zazzaɓi. Na ce ba inda za shi. Ya ce zai dawo kafin azahar. Da ya shiga wanka na zare bakin begilar, wannan ɗan ƙarfen da ake sa wa leɓe, na tura shi cikin kwanon daddawa na rufe. Ya fito ya duba ko'ina, ya dube ni, na dubi bango. Ya sa hularsa ya tafi, ya ari na mai zazzaɓin. Ƙaninsa ne ya zauna a madadinsa wurin ɗaurin auren, shi kuwa bai dawo ba sai da aka watse. Kwana biyu ina ajiye masa tuwo ba tare da na ce ga shi ba.

A rana ta uku na ce, "Mamaci yana jin ka ne? 'Yarka kuwa tana da rai."

Ya ce, "Mamaci ba ya ji. Ba shi nake busa wa ba."

"To wa?"

"Matarsa. Tana tsaye a wurin ba ta san kowa ba, ko Hausa ba ta ji. Idan na busa, janar ma sai ya miƙe. Sai ta san ba kaza ce ta mutu ba."

Bayan sati matar ta zo har ƙofarmu da doya uku a kai da ciki ya tsufa. Ba mu da yare ɗaya, ta dai riƙe hannuna ta daɗe. Da ta tafi na ciro ƙarfen daga daddawa na wanke na ajiye masa a kan sallaya. Ya shinshina ya ce, "Yanzu duk wanda na busa wa sai ya ji yunwa." Wata guda yana tsokanata da wannan.

Ni kaina ban taɓa ganin busar da idona ba. Mata ba ma zuwa maƙabarta. Daga layi nake jiyo ta, ina wanki ko ina tsane shinkafa, in ce Allah ya jiƙan rai, in ci gaba da aikina. Ban taɓa miƙewa ba ko sau ɗaya.

Sati uku da rasuwar, babban ɗanmu ya kira ya ce za a yi taron girmamawa a bariki, na sojojin da suka faɗi tare. Za a karanta sunaye, a miƙa wa iyali tuta da hula da takalmi, a yi busar ƙarshe. Ranar Asabar, goma na safe a can, ɗaya na rana a nan. Ya ce matarsa za ta riƙe waya mu gani kai tsaye. Ɗaya na rana lokacin rufe shaguna ne a Deira, sai surukina ya ce a haɗa da addu'ar da mutanenmu suke son yi, a yi a falonsa, tunda ni ba fita zan yi ba. Ya ce zai haɗa wayar da talabijin.

Alhaji ya ji, ya zo da kansa ranar Alhamis. Ya zauna a falo, ni ina bakin ƙofar ɗaki daga ciki, labule a tsakaninmu, surukina a ƙasa kusa da ƙafarsa.

Ya ce, "Hajiya, ya ƙarin haƙuri?"

Na ce, "Da godiya, Alhaji. Allah ya ba da lada."

"An ce za a kunna mana fareti."

"Za a kunna."

"Hajiya, mu Musulmi ne. Za mu sauke Alƙur'ani, mu yi sadaka, ni na ɗauki nauyin abincin. Addu'a ita ke isa kabari. Ƙaho ba ya isa."

Na ce, "Ban ce zai isa kabari ba, Alhaji. Ni zai isa."

Carbi na tafiya a hannunsa. Ya ce, "A tara dattawa a ce su miƙe wa ƙaho kamar 'yan makaranta? Wannan al'adar Turawa ce. Kuma nan ba gida ba ne. Maƙwabta su ji busar soja a bene, su kira 'yan sanda, wa za a tambaya? Yaron nan za a tambaya."

Na ce, "A rage murya, ba a kashe ba."

"Halas, magana ta ƙare, Hajiya. Ba a gidan ɗana ba."

Ya tashi. Surukina ya raka shi har ƙasa, ya dawo ya shiga banɗaki ya daɗe. Na san abin da na ɗora masa. Mutumin da ya raine shi a gefe ɗaya, uwar matarsa a gefe ɗaya. Tunda ya auri 'yata ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ce masa yi kaza ba. Ranar ma ban ce ba. 'Yata na ce wa, "Ranar Asabar ki ba ni wayarki. Zan fita matattakala in tsaya ni kaɗai. Ba wanda zai ce a falon wani aka yi."

Ta ce, "Inna, kina takaba, ki tsaya a matattakala kamar mai bara?"

Na ce, "Ubanki ya tsaya wa matan da bai sani ba shekara talatin. Ko a kan kwata ne zan tsaya."

Ban san abin da suka tattauna da mijinta ba. Na dai ga ranar Asabar da safe yana durƙushe a bayan talabijin da wata igiya a hannu.

Falon ya cika. 'Yan kasuwa da jallabiyoyinsu, likitoci biyu, wani mai gyaran jirgin sama, ɗalibai, da wani dattijo mutumin Nijar mai sayar da taya. Mata muna ɗaki. Aka raba izu aka karanta, liman ya yi addu'a mai tsawo, har da sunan mai gidana, amma ba muƙaminsa. "Bawanka," ya ce. Haka ne, bawansa ne. Talabijin na kunne ba murya. Ta gefen labule ina ganin filin faretin da na share shekaru ina ratsawa zuwa kasuwa, ga bishiyar mangwaron bakin masallaci, ga sojoji a jere. Hoton ya tsaya, ya dawo, ya sake tsayawa. Maza na satar kallo suna mayar da kai ƙasa.

Aka shafa. Alhaji ya gyara hula ya ce, "To, jama'a, yalla, a ci abinci a koma shago."

A daidai lokacin na ga wani hafsa ya taka gaban lasifika da takarda.

Na ce wa 'yata ta jawo mini kujera bakin ƙofa. Na ɗaga labulen da hannuna. Falon ya yi tsit, don ba a saba ganin mai takaba a gaban maza ba. Na rufe fuskata da mayafi in ban da ido. Surukina na tsaye jikin bango da rimot a hannu. Na dube shi, ido cikin ido, na ce, "Ɗana, ƙara murya."

Ya dubi kawunsa. Alhaji bai ɗago ba. Sai ya danna.

Aka karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, da Turanci. Ba na jin Turanci, amma na ji "Sajan", na ji sunan da ban taɓa faɗa da bakina ba, na ji sunan mahaifinsa. Na ga babban ɗanmu ya fito da farar shadda, aka ɗora masa tuta a naɗe, da hula a kai, da takalman a gefe. Na gane takalman. Na hagu ya fi cinyewa ta waje, haka yake taka ƙasa.

Sai wani kofur ya fito shi kaɗai da begila. Na san shi, mai gidana ne ya koya masa, ya sha cin tuwona, ya sha zagi a kan numfashi. Ya ɗaga ta.

Gwiwoyina sun daɗe da lalacewa. Tun da na zo ƙasar nan a zaune nake salla, kuma ba na tashi daga kujera sai an kama ni. 'Yata ta miƙo hannu, na ture. Na dafa ƙofa na tashi. Na saki ƙofar.

Ba zan ce kowa ya miƙe ba, don ba haka aka yi ba. Dattijon Nijar ne ya fara, ashe tsohon jandarma ne, mai kakin ƙasarsu, ya haɗa ƙafa ya ƙame, ya ce wani abu da Faransanci. Likitocin suka tashi, ɗalibai suka tashi, surukina dama a tsaye yake. Mutum uku suka ɗauki takalmansu suka fita baranda. Liman ya zauna, ya ɗaga hannu yana motsa baki, ban ga laifinsa ba. A bayana na ji zannuwa na motsi, wasu matan sun tashi, mai haƙorin zinare kuwa ta zauna ta rufe fuska. Alhaji bai tashi ba, kuma bai fita ba. Carbinsa na ƙas, ƙas, ƙas, da ƙarfi, don a ji.

Busar tana da wani dogon sauti a ƙarshe. Mai gidana yakan ce a nan ake gane wanda ya koya da wanda ya haddace, don a nan numfashi ke cin amanar mutum. Daga layi, ina wanki, na saba ƙirga nasa ba tare da na sani ba, yakan kai goma sha biyu. Kofur ɗin ya kama sautin, muryar ta yi rawa, na ce a zuciyata riƙe, ɗan nan, riƙe. Ya riƙe. Na ƙirga goma sha ɗaya. Gwiwoyina na karkarwa kamar an sa musu wuta, hawaye ya jiƙa mayafin har ina ɗanɗanar gishiri, amma ban dafa komai ba. A cikin shirun da ya biyo baya na lura carbin ma ya tsaya. Ban san yaushe ba.

Ba ɗan sandan da ya zo. Maƙwabciyarmu ce kawai ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Da Alhaji zai fita ya tsaya nesa da labule ya ce, "Allah ya jiƙan Sajan, Hajiya. Amma ban canza magana ba."

Na ce, "Amin, Alhaji. Ni ma ban canza ba."

Yau kwana goma sha tara bai tako gidan nan ba. Surukina ya je gaishe shi Al Khabaisi sau biyu, ya amsa da kai, bai ce zauna ba. Yaron bai taɓa nuna mini a fuska ba, yana dawowa ya durƙusa ya ce, "Inna, an wuni lafiya?" kamar ba komai. Wannan yana damuna, kuma ina roƙon Allah ya daidaita su, don ba ni da abin da zan biya maraya da ya saɓa wa mai riƙonsa saboda ni. Idan na fita takaba zan je da ƙafata in ba Alhaji haƙurin ɓacin ransa. Haƙurin tsayuwar kuwa ba zan bayar ba. Duk wanda ya karanta wannan, a Deira ko a Kano, ya sani soja ne, mai busa begila ne, mai salla ne, kuma ba na jin kunyar ko ɗaya daga ciki. Allah ya yafe masa, ba tare da "dai" ba. Allah ya haskaka kabarinsa da na waɗanda suka faɗi tare da shi, ya ba matansu abin da ya ba ni a ranar Asabar ɗin nan.

Shi kansa da yana nan da ya yi mini faɗa. Kwana biyu kafin tafiyarsa ya kira da rana. Bai ce mini zai je ko'ina ba. Ya tambayi jaririya, ya ce a sa masa kukanta ya ji ko tana da numfashin gidanmu. Ya ce barkonon da na daka na bar masa ya kusa ƙarewa. Murya ta fara yankewa, sai na yunƙura zan tashi in je bakin taga inda waya ta fi kamawa. Ashe ya ji nishina da ƙarar kujera. Ya yi dariya, ya ce:

"Uwar gida, har nan ina jin gwiwar nan taki. Zauna abinki. Ba sai kin tashi saboda ni ba."